Kujerar dako a kan bishiya: wace iri za a saya, kuma ƙafa nawa za a ɗaga ta?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce ya gama kwas ɗin koyon farauta, ya sayi lasisi da takardar izinin harbin barewa, kuma wani manomi ya rubuta masa izinin shiga gonarsa, wadda ke da ɗan kurmi a bayanta. Makaminsa baka ne mai kunama irin ta bindiga, yana kuma fatan gwada bindiga idan makonta ya zo bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Da ya shiga kantin kayan farauta sai ya tarar da kujerun dako na kan bishiya iri-iri, mai kanti ya ce masa ƙafa 15 ta isa, abokin aikinsa kuma ya ce muddin bai kai ƙafa 30 ba barewa za ta gan shi. Yana so ya san wadda zai saya da kuma inda zai tsaya.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a fara a sa'a. Ga wanda wannan ce kakarsa ta farko, kuma yana da gonar da aka yarje masa ya bar kayansa a cikinta, kujera mai tsani wadda matakin ƙafarta ke tsakanin ƙafa 15 zuwa 17 daga ƙasa, wato wajen mita biyar, ita ce ta fi dacewa. Shawarar ƙafa 30 kuwa ka ajiye ta gefe. Na shafe shekaru ina wannan dako a dazukan gabashin Amurka, kuma yawancin maharban da na ga barewa ta gano su, bishiyar da suka zaɓa ce tsirara, ko kuma iska ce ta kwashi warinsu ta kai wa dabbar. Da wuya ka samu wanda ƙarancin tsawo kaɗai ya tona masa asiri.

Yana da kyau ka fara sanin abin da hawa bishiya ke saya maka, domin daga nan ne za ka gane inda amfaninsa ke ƙarewa. Barewa mai farar wutsiya idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, kuma ƙwayar idonta a kwance take, ta dace da leƙen abin da ke tafe a doron ƙasa, inda maƙiyanta suka saba fitowa. Launin lemu da ja ba sa fitowa sosai a idonta, shi ya sa rigar lemu da dokar Ohio ta wajabta a lokacin bindiga ba ta cutar da maharbi, amma shuɗi tana ganinsa tar, kuma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya wuce ta. Idan ka ɗaga kanka ƙafa goma sha wani abu, ka fita daga layin da take yawan dubawa, warinka yana iya wucewa ta kan dabbar da ke kusa, kana hangen nesa ta saman ciyayi da ƙananan itatuwa, sannan kibiyarka ko harsashinka ƙasa zai nufa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gonakin da ke da gidaje da hanyoyi a kusa. Kusan duk wannan ribar kana samunta kafin ka kai ƙafa 20. Abin da ka ƙara bayan nan ribarsa kaɗan ce, kuɗin da kake biya kuwa, ta fuskar kusurwar harbi da haɗarin faɗuwa, hauhawa yake yi. Kada kuma ka ɗauka barewa ba ta ɗaga kai. Tsohuwar macen da ta taɓa kama mutum a kan bishiya, duk ranar da ta biyo ta wurin sai ta tsaya ta ƙura wa bishiyar ido, ta buga ƙafa, ta yi wannan hucin nata da ke sanar da duk dajin cewa akwai baƙo.

Kuskuren da sababbin maharba suka fi yi shi ne su sayi kujera sannan su shiga daji neman bishiyar da za ta karɓe ta. Ka juya tsarin. Ka je gonar da rana, ka nemi turbar da barewa ke bi tsakanin inda take kwana, wanda galibi sarƙaƙiya ce mai duhu, da inda take kiwo, ko gonar masara da waken suya ko gindin bishiyoyin ok masu zubar da ƙwaya. Farin ok ta fi so a kan ja, saboda ƙwayarsa ba ta da ɗaci sosai. In ka sami turbar, ka nemi bishiyar da ke yadi 15 zuwa 20 daga gare ta, ta ɓangaren da iska ke nufa bayan ta ratsa turbar. A Ohio iskar kaka ta fi zuwa daga yamma ko kudu maso yamma, takan juya arewa maso yamma bayan sanyi ya sauko, saboda haka bishiyar da ke gabas da turba ita ce za ta fi yi maka aiki. Sai bayan ka tsaya a gindin wannan bishiyar, ka ga siffarta, za ka san irin kujerar da take nema.

Bishiyar kanta dole ta zama rayayya, lafiyayya, mai kauri wanda aƙalla ya kai na cinyar babban mutum a daidai inda za ka zauna. A yankinku akwai haɗari na musamman: wani ƙwaro ɗan asalin Asiya, wanda aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002, ya kashe bishiyoyin ash masu ɗimbin yawa a Ohio da maƙwabtanta, kuma da yawansu suna nan tsaye miƙe sambal, suna yaudarar wanda bai sani ba. Matacciyar ash karyewa take yi ba gargaɗi. Ka ɗaga kai ka dubi rassan sama, in babu ganye a lokacin da sauran ke da shi, ko ɓawon na saɓulewa, ka wuce, ka kuma tabbata babu mataccen reshe na wata bishiyar a saman kanka. In ka ga wata kuranga mai gashi-gashi ta nannaɗe gangar bishiya, kada ka taɓa ta ko da ba ta da ganye, domin ita ce mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje na makonni.

Kujera mai tsani, wadda na ba ka shawara, tsani ne na ƙarfe da aka haɗa da mazauni da matakin ƙafa a samansa, ana jingina shi da bishiya a ɗaure. Hawanta kamar hawan tsanin gini ne, tana da faɗi, yawancinsu suna da ƙarfen da ke kewaye gabanka wanda za ka ɗora makami a kai, kuma wannan ƙarfen yana taimaka wa mai baka mai kunama ƙwarai, tunda irin wannan bakan nauyinsa a gaba yake. Da asuba cikin duhu za ka hau ta shiru ba tare da ɗaura komai ba. Aibinta shi ne nauyi, daga kilo 25 zuwa sama da 40 idan ta mutum biyu ce, saboda haka inda ka kafa ta nan za ta ƙare kaka. Tana kuma da girman da barewa ke lura da shi, don haka a kafa ta makonni kafin a fara amfani da ita, dabbobin su saba. Abu biyu ka kiyaye wajen saye da kafawa. Tsawon da aka rubuta a jikin kwali sau da yawa zuwa mazauni ko zuwa ƙarfen ɗora makami aka auna, ta yadda wadda aka ce ƙafa 18 ce za ka tarar matakin ƙafarta bai wuce 15 ba, don haka ka tambayi tsawon matakin ƙafa. Sannan kada ka kafa ta kai kaɗai. Mutum uku ake so, domin lokacin da ya fi kowanne haɗari a rayuwar wannan kujera shi ne hawan farko, sa'ad da ba a riga an ɗaure samanta ba, igiyoyin da aka gitta ta bayan bishiya da sandar tokare ta tsakiya ne kawai ke riƙe da ita.

Ta biyu ita ce wadda Amurkawa ke kira kilaimba, wato mai hawa da kai. Gida biyu ce, mazauni da matakin ƙafa, kowanne yana da kebul da ke zagaye bishiya da haƙoran da ke cizon ɓawo. Za ka ɗaga na sama, ka dogara a kansa, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka, haka har ka kai inda kake so. Ta alminiyom nauyinta wajen kilo 9 ko 10 ne, ana goya ta a baya, kuma zama a kanta yana da daɗi har mutum ya yi gyangyaɗi, wanda shi ma wani haɗarin ne. Amma tana da zaɓe. Tana son bishiya miƙaƙƙiya marar reshe, mai kaurin inci 8 zuwa 20, mai ɓawon da haƙora za su kama. Bishiyar bic da sikamo sulɓi gare su, bishiyar hikori mai ɓawo ɓare-ɓare kuma ɓawonta ɓantarewa yake yi, kuma kowace bishiya idan ruwa ya daskare a jikinta ta zama abin tsoro. Da yake ganga tana sirancewa yayin da ake hawa, sai an karkata matakin ƙafa sama kaɗan tun daga gindi don ya daidaita a can, kuma sai an haɗa gida biyun da igiya, in ba haka ba na ƙasa ya suɓuce ya bar ka rataye.

A nan ne, a ganina, al'adar hawa ƙafa 25 ko 30 ta samo asali. Bishiyar da kilaimba ke iya hawa ita ce bishiyar da ba ta da abin ɓoye mutum, kamar falwayar lantarki take, saboda haka mai ita yakan ci gaba da hawa har ya kai inda rassan maƙwabtan bishiyoyi za su rufe shi. Abokin aikinka mai yiwuwa irin wannan kujerar gare shi, kuma shawararsa ta dace da matsalarsa. Ba dole ba ne ta zama matsalarka.

Ta uku ita ce ta ratayawa: ƙaramin dandamali da mazauni a haɗe, ana ɗaure shi a jikin bishiya da maɗauri, ana kuma hawa da gajerun sandunan taki guda uku ko huɗu waɗanda ake ɗaurawa ɗaya bisa ɗaya. Sanduna huɗu sukan kai matsakaicin mutum ƙafa 16 zuwa 20. Wannan ita ce wadda na fi amfani da ita, domin tana shiga bishiya karkatacciya, mai rassa, mai ganga biyu ko uku, wato irin bishiyar da ke haɗiye siffar mutum. Sai dai kafa ta aiki ne na hannu biyu a sama, ba ya yiwuwa sai da igiyar ƙugu da ke zagaye bishiya ta riƙe ka, irin dabarar da masu hawa kwakwar manja suka daɗe suna yi. Ka'idarta da ba a karyawa ita ce sandar ƙarshe ta zarce dandamali, yadda za ka sauko kansa da ƙafa, ka taka tsakiyarsa. Wanda ya ja jiki ya hau dandamali daga ƙasa ta gefe yana iya ture shi. Idan ka gama kaka ɗaya ko biyu a kan tsani, ka saba da sama, wannan ce ta gaba da za ka saya.

Akwai kuma sirdi, wanda ya yi tashe a 'yan shekarun nan. Wani ɗan wando ne mai ƙarfi da ake ɗaurewa da igiya a bishiya, mutum ya jingina baya yana fuskantar ganga, ƙafarsa a kan ɗan ƙaramin mataki. Ya fi kowanne sauƙin ɗauka, kuma mai shi a ɗaure yake tun daga ƙasa, amma yana buƙatar koyo, kuma juya baka mai faɗi a kewayen ganga da igiya ba wasan sabon shiga ba ne. Kujera mai ƙafafu uku da ɗakin dako mai dogayen ƙafafu an yi su ne don wurare irin kudancin Texas, inda ƙaya ce da gajerun itatuwa. Wanda kuwa jiri ke ɗibarsa a sama, ko gwiwa ta fara ba shi matsala, ya kafa 'yar bukkar dako a ƙasa, babu abin kunya a ciki, ana kashe barewa da yawa daga ƙasa kowace shekara. Abu ɗaya da zan hana ka kai tsaye shi ne tsohon dandamalin katako da aka kafa da ƙusa, irin wanda manomi zai iya nuna maka cikin kyakkyawar niyya ya ce na mahaifinsa ne. Bishiya tana girma, tana kaɗawa, tana zare ƙusa a hankali, katakon kuma yana ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa lafiya lau. In kuma wata rana ka shiga dajin gwamnati, ka sani dokar Ohio ta hana kafa kujera ta dindindin ko buga ƙusa da makamantanta a jikin bishiya a can.

Yanzu ga maganar tsawo, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin lissafi ne da ya shafi ran dabba. Huhun barewa biyu ne, gefe da gefe a cikin ƙirji, kuma wurin da ake nema bai fi faɗin farantin cin abinci ba. Kibiya ba ta kisa da bugu, da yanka take kisa, saboda haka abin da kake so shi ne ta shiga ta bayan kafaɗa, ta ratsa huhu biyun, ta fita ta ɗaya gefen a ƙasa-ƙasa. Dabbar da aka yi wa haka takan faɗi cikin 'yan daƙiƙu, sau da yawa kana kallonta, kuma ramin fita na ƙasa yana zubar da jinin da za ka bi. Idan kana ƙafa 15 barewa kuma tana yadi 20, kibiyarka tana sauka da kusurwar digiri 14, kusan a kwance. Idan kana ƙafa 20, kusurwar ta zama 18, har yanzu lafiya. Amma barewa ba ta karanta tsarinka ba, takan ratso ta yadi 10. A nan mai ƙafa 15 yana harbi da digiri 27, mai ƙafa 20 da digiri 34, mai ƙafa 30 kuwa da digiri 45 cif. A irin wannan kusurwar abin da kake gani mafi yawa gadon baya ne, ƙashin baya da allon kafaɗa sun rufe rabin abin da kake nema, kuma kibiyar da ta shiga tana iya huda huhu ɗaya kawai ta wuce ta ƙarƙashin ɗayan.

Na koyi wannan da tsada. Wata safiya a farkon Nuwamba na hau wata miƙaƙƙiyar bishiya da kilaimba har wajen ƙafa 28, saboda ganye ya zube kuma ina jin kamar duk dajin na kallona. Wani namiji ya biyo sawun mace, ya tsaya bai fi yadi 7 daga gindin bishiyar ba. Na saki kibiya, na ga ta shige a sama kusa da ƙashin baya, ta tsaya ba ta fita ba. Ya ruga da ita. Da na sauka, abin da na samu a kan busasshen ganye ɗigo ne nan, ɗigo can, domin jinin a cikin ƙirji yake taruwa, ramin kuma a sama yake. Ni da wani abokina muka yini muna rarrafe har duhu ya raba mu da sawun. Washegari da hantsi muka same shi a bakin wani rafi, koyote, wato dilan ƙasar, sun riga sun cinye cinyoyinsa. Da ina ƙafa 16 a wata bishiya mai rassa da ke 'yan taku kaɗan daga wurin, wadda na raina da safen, da harbin ya zama na huhu biyu. Ga musulmi akwai ƙarin damuwa, domin ban da ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya da yanka dabbar in an riske ta da rai, malaman Malikiyya sun yi magana a kan abin farautar da ya ɓace wa maharbi har ya kwana, kuma akwai saɓani a kan cinsa. Wanda ya zaɓi tsawon da zai ba shi harbi mai kisa nan take ya kauce wa shiga wannan saɓanin.

Game da saiti daga sama, nisan da ke aiki a kan faɗuwar kibiya shi ne na kwance, daga gindin bishiya zuwa dabba. A ƙafa 20 da yadi 20 bambancin yadi ɗaya ne kacal, ba abin damuwa ba, amma a ƙafa 30 dabbar da ke yadi 10 za ta bayyana a na'urar auna nisa kamar tana yadi 14. Harbin da aka yi daga kan bishiya yakan tashi sama da inda aka nufa, barewa kuma tana durƙusawa idan ta ji ƙarar tsirkiya don ta zabura, saboda haka ka nufi kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ƙirji, kana tunanin inda kibiyar za ta fita, wato wajen ƙafar gaba ta ɗaya gefen. Ka gwada harbi daga kujerar kanta kafin kaka, da rigar sanyin da za ka sa, ka kuma lura cewa fikafikan bakanka a kwance suke, in ɗaya ya bugi ganga ko ƙarfen kujera lokacin saki, kibiya ta ɓace, bakan ma yana iya fashewa.

Ba na cewa lamba ɗaya ce ke aiki ko'ina. Abin da nake bi shi ne in hau zuwa inda bishiya ta ba ni mafaka, in tsaya nan. A ƙarshen Satumba, lokacin da ake buɗe farautar baka a Ohio, ganye na nan cike, kuma in ka wuce ƙafa 15 za ka iya shiga cikin ganyen ka daina ganin ƙasa. A bishiyar sida ko fayin, waɗanda ba sa rabuwa da ganye, mai rassa har ƙasa, ƙafa 10 ko 12 ma ta wadatar, na sha zama a haka barewa ta wuce ba ta san ina nan ba. A tsakiyar Nuwamba, lokacin barbara, daji ya zama fili, a nan ƙafa 18 zuwa 20 ke da amfani, musamman in akwai wata ganga ko reshe mai kauri a bayanka da zai hana siffarka fitowa a kan hasken sama. Bishiyoyin ok da bic sukan riƙe busasshen ganyensu har cikin hunturu, ka neme su. Yanayin ƙasa ma yana canza lissafi. Yammacin Ohio shimfiɗaɗɗe ne, amma kudu maso gabas tuddai ne da kwaruruka, kuma in ka kafa kujera ƙafa 15 a gangare, barewar da ta fito ta saman tudu za ta tarar da kai ido cikin ido. A irin wannan wuri ka zauna ta saman turba in iska ta yarda, ko ka ƙara tsawo gwargwadon gangaren.

Tsawo ba ya maganin iska, wannan ka riƙe shi da kyau. Wari ba a miƙe yake tafiya ba, yana bazuwa yana sauka, kuma mai ƙafa 30 ma barewar da ke yadi 60 ta inda iska ke kai warinsa za ta shinshino shi. A ƙasa mai tuddai, da safe idan rana ta ɗumama gangare iska tana hawa, da yamma idan wuri ya huce tana gangarowa kwari kamar ruwa, ta kwashi warin wanda ke sama ta shimfiɗa a kan turbar da ke ƙasansa. Maharban nan suna ɗaukar audugar wata ciyawa 'yar'uwar tumfafiya, wadda ke fashewa a bakin gonaki da kaka, su saki ƙwaya ɗaya su bi ta da ido. Za ka ga ta tafi yadi 10 ta yi kwana, ta nutse, ta nufi inda ba ka zata ba, kuma abin da ta yi shi warinka ke yi. Ranar da iska ta saɓa wa kujerarka, ka haƙura da ita. Shi ya sa tsani biyu masu araha a wurare biyu, ɗaya na iskar yamma ɗaya na iskar kudu ko gabas, sun fi guda ɗaya mai tsada. Idan da hannun dama kake harbi, ka juya kujerar yadda turba za ta kasance ta hagunka, kuma ka guji fuskantar gabas da safe ko yamma da maraice.

Makon bindiga ba ya buƙatar ka ƙara tsawo. Da bindiga harbin yakan yi nisa, kusurwa ba ta da matsala, abin nema shi ne hange da wurin ɗora bindiga, kuma tsaninka na ƙafa 15 a bakin gona ya ba ka duka biyun.

Saura maganar faɗuwa, wadda hukumomin namun daji na jihohi da dama ke cewa ita ce kan gaba wajen jikkata masu farautar barewa, fiye da harbin kuskure. Wanda ya faɗo daga ƙafa 20 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, da gudun kusan kilomita 40 a sa'a, daga ƙafa 30 kuma kusan 48, kuma abin da ke karyewa ƙashin baya ne da ƙugu da wuya. Yawancin faɗuwar ba a zaune take faruwa ba, wajen hawa ne da sauka da kuma takun nan ɗaya na tsallakawa daga tsani zuwa dandamali. Saboda haka ɗamarar tsaro ta jiki duka, mai kama kafaɗu da cinyoyi, wadda ake haɗawa a cikin kwalin kujerun da suka cika ka'idar ƙungiyar masu ƙera su, ba ta da amfani in sai ka kai sama za ka ɗaura ta. Ka sayi igiyar tsira, a ɗaure ta sama da kanka a bishiya ta sauko har gindi. A jikinta akwai wani ƙulli mai suna Prusik, sunan wani ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu, wanda ke zamewa idan ka tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya fizge shi. Ka maƙala ɗamararka a jikinsa tun ƙafarka na ƙasa, kana hawa kana tura shi, ba ka cirewa sai ka dawo ƙasa. A sama, ka ɗaga ƙullin har ya zama igiyar bayanka ba ta da sako-sako idan kana zaune, yadda ko ka zame ba za ka wuce inda za ka iya komawa kan kujera ba. Rataya a cikin ɗamara na tsawon lokaci yana tara jini a ƙafafu har mutum ya suma, don haka ɗan maɗaurin nan da ake takawa a miƙe, wanda ke zuwa tare da ɗamarar, ya zauna a aljihun da hannunka zai kai, tare da wayarka.

Kada ka hau da komai a hannu. Ka ɗana bakan a ƙasa, ba kibiya a kai, ka ɗaure shi da siririyar igiya ka jawo bayan ka zauna, bindiga kuma ba harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Ka duba nauyin da aka rubuta kujerar na ɗauka, galibi wajen kilo 136 ne, kuma wannan ya haɗa da takalma da rigunan sanyi da jaka. Maɗaurin da ya shekara a waje kada ka amince da shi, rana tana cinye zarensa, bishiya tana ƙara kauri tana ja, kurege kuma yana gaigayarsa. Na taɓa zuwa duba wata kujera a watan Agusta na tarar saura zare bai fi faɗin yatsa ba ke riƙe da ita, ta bayan ganga inda ba a gani daga ƙasa. Tun daga lokacin nake sauke kayana duk ƙarshen kaka, in sa sababbin maɗaurai kafin in mayar.

Tunda gonar tana hannunka, ka je wannan makon da mutum biyu, ka kafa tsanin, ka ɗaura igiyar tsira a ranar. Ka zauna a sama ka sa ɗayansu ya bi turbar a sunkuye, kansa a daidai tsayin barewa, ya gaya maka daga ina ya fara ganinka da kuma ko akwai ganga a bayanka ko sarari ne. Ka sare 'yan rassan da suka tare hanyar kibiya a wuri biyu ko uku kawai, bayan ka nemi yardar mai gona, sauran ka bar su domin su ne rigarka. Ka auna yadi 10 da 20 da 30 daga gindin bishiyar ka sa alama a jikin itatuwa, sannan ka nuna wa iyalinka da manomin wurin a taswirar waya, ka gaya musu lokacin da za su fara nemanka in ba su ji daga gare ka ba.